Ina tunanin barin Kano in koma Jos da iyalina, ku ba ni shawara

Mai_Gyaran_Waya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa in samu mai faɗa mini gaskiya. Ni haifaffen Kano ne, a Rijiyar Zaki nake zaune, sana'ata gyaran waya a Farm Centre, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bayan ƙaramar Sallah na raka wani abokina ɗaurin aure Jos, muka kwana huɗu. Ku tuna fa watan Afrilu ne, lokacin da a Kano muke jawo katifa tsakar gida, mu watsa wa siminti ruwa, duk da haka barci ya gagara. Wallahi ɗakin da aka sauke mu ko fanka ban kunna ba, amma wajen asuba sai da na lalubo mayafi. Da gari ya waye na fito, ga duwatsu, ga bishiyoyi, iska tana shiga ƙirji ba tare da hayaƙin adaidaita sahu ba. Daga masauki zuwa wurin walima ko minti ashirin ba mu yi ba, kuma ba wanda ya danna mana hon.

Tun da na dawo na kasa sakewa. Duk ranar da na maƙale a gosulon Kabuga, gumi yana bin bayana, sai in ce wai ni me nake yi a nan? Ƙarfe takwas nake fita, ba na shiga gida sai bayan isha'i, yarana uku ko sun yi barci ko suna gyangyaɗi. Ƙaramar ta fi sanin muryata a waya fiye da fuskata.

To ina tambaya: in tattara in koma Jos in buɗe shago? Ko zafi ne kawai ya taɓa mini kai? Waɗanda suka taɓa barin babban gari suka koma inda ya fi natsuwa, don Allah ku faɗa mini yadda ta kaya.

Kwari_Boy:
Zafi ne, Malam. Ka sha ruwan sanyi ka kwanta. Kwana huɗu kacal, kana cin shinkafar biki, har ka yanke wa Kano hukunci? Mu da muka san Dala mun san hangenta ba shiga birni ba ne, to haka ma hangen duwatsun Jos. Bari damina ta faɗi mu ga ko za ka sake wannan magana.

Ɗan_Gangare:
Wa'alaikumus salam. Ni a Jos aka haife ni, a nan na yi aure. Kafin in ce komai, a wace unguwa aka sauke ku?

Mai_Gyaran_Waya:
Wani gidan saukar baƙi ne ta wajen Rayfield. Ɗaurin auren kuma a babban masallacin Juma'a aka yi.

Ɗan_Gangare:
Na san za a rina! Ɗan'uwa, Rayfield ka gani, ba Jos ba. Can ne gidan gwamnati yake, da filin wasan golf, da gidajen manya masu katanga da furanni. Mai gyaran waya da mata da 'ya'ya uku ba can zai kama haya ba. Inda za ka zauna shi ne irin Unguwar Rogo, Rikkos, Gangare, 'Yan Shanu, ko ta hanyar Bauchi. Ka shiga Unguwar Rogo ka gani: gida manne da gida, lungu wani wurin mota ba ta shiga, kwata a ƙofar gida. Ba ta da maraba da Kurna sai dai tudu da gangare. Bishiya a wasu layukan sai ka yi tafiya ba ka ga ko ɗaya ba.

Ba ina kushe garinmu ba ne. Sanyin nan gaskiya ne, kuma na kowa ne, talaka da mai kuɗi, ba a saye. Cunkoson motoci ma in ka cire wajen Taminus da Farin Gada ba wani abin a zo a gani ba ne. Daga tsakiyar gari zuwa Bukuru ba ya cin rabin abin da kake ɓatawa a hanya yanzu. Amma akwai namu ciwon. Ruwa a lokacin rani wahala ne a unguwanni da yawa, domin ƙasar dutse ce, ka haƙa rijiya ka ci karo da fa. Da damina kuma masu zama bakin rafi ba sa barci da ido biyu. Mutanen Rikkos ba su manta ambaliyar watan Yulin 2012 ba, an yi asarar rayuka da gidaje.

Maman_Khairat:
Ni 'yar Gwammaja ce, aure ya kawo ni Jos, bana shekara tara. Yaya, bari in ba ka labarin abin da maza ba sa gani. Watan Agusta na farko da na yi a nan kuka na dinga yi. Ruwa zai fara tun dare, ya wuni yana yayyafi, rana ba ta leƙo ba. Na wanke kayan jariri na shanya, kwana uku ba su bushe ba, sai da na koma gasa su a gefen murhun gawayi, duk suka ɗauki wari. Takalmin maigidana na fata har fari-fari ya fito masa a ƙarƙashin gado. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta, yara ba a yi musu wanka sai rana ta take.

Amma ba sanyin ne ya fi damuna ba, kewa ce. A Kano in ciwo ya kama yaro da dare, kafin ka ce me, Umma ta iso, ƙanwata ta ɗauki sauran yaran. A nan ni kaɗai ce sai maƙwabta, Allah dai ya saka musu da alheri. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, rabi duk a waya nake yi.

Duk da haka in ka ce in koma Kano yanzu sai na yi tunani. Bara mun je da azumi, kwana goma, yarana duk suka feso da ƙurajen zafi, babban yana tambayata yaushe za mu koma gida. Gida fa ya ce! Kuma cefane a nan akwai albarka. Ka je Farin Gada da safe ka ga kabeji da karas da koren wake da dankalin turawa, sabbi, da ƙasarsu a jiki. Abin da kuke saye a 'Yan Kaba bayan ya sha hanya, mu a nan muke fara zaɓa.

Sani_Agege:
Hahaha, wai gosulon Kabuga ne yake korar mutum daga gari. Malam, zo Legas ka yi sati ɗaya, da kanka za ka koma ka rungumi Kabuga ka nemi gafararta. Ni ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. In na yi sakaci na kai shida ban fita ba, to na san ranar ta tafi. Gadar nan ta uku da ke haɗa cikin gari da tsibiri tsawonta ya kusa kilomita 12, na taɓa yin awa biyu a kanta cikin danfo, ba gaba ba baya, ƙafata ɗaya a kan buhun wani. An kawo manyan bas na BRT tun 2008, an kawo jirgin ƙasa na cikin gari a 2023, duk da haka mutane sun fi ƙarfin hanya. Amma me ya zaunar da mu? Kuɗi. Abin da nake samu a wata a nan, a garinmu sai in yi wata uku ban gan shi ba.

Kwari_Boy:
Yauwa Sani, faɗa masa. Cunkoson da yake kuka da shi ai shi ne abincinsa. Waɗannan mutanen da suka tare maka hanya a Kabuga, kowannensu da waya a aljihu, kuma watarana za ta faɗi ta fashe. Mu a Kwari mutanen Nijar da Chadi da Kamaru suke zuwa sari, har mutanen Jos ɗin ma a wurinmu suke ɗaukar atamfa da shadda. Bishiya ba ta kawo gyaran waya.

Injiniya_B:
Bari in ɗan sa baki a kan sanyin, don kada a ɗauka wani abin mamaki ne. Jos tana kan tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. A ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Ka ga tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu kaɗai ta isa ta rage digiri huɗu zuwa biyar. Ga shi damina tana faɗuwa da wuri a can, tun Afrilu, ta kai har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Mu a Kano sai mu kai ƙarshen Mayu muna kallon sama. Shi ya sa lokacin da Kano take haura digiri 40, su suna barci da mayafi. Kuma abin dariyar, Malam, lokacin da ka je shi ne su suke kira zafi.

Dattijo_Bukuru:
Injiniya ya yi daidai. Sanyin nan ne ma ya sa Turawa suka so wurin, amma kuza ce ta kafa garin. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙa, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Bauchi, Borno, da ƙasar Ibo da ta Yarabawa. Kakana daga ƙasar Kano ya zo, a ƙafa. Har wani ƙaramin jirgin ƙasa aka yi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, ya iso a 1914, aka daina aiki da shi a 1957. Ramukan da aka bari su ne tafkunan da kuke gani ta wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, yanzu da ruwansu ake noman rani, ko da yake suna cin mutane da dabbobi lokaci-lokaci. Bishiyoyin turaren nan dogaye da suka burge ka, da yawansu dasa su aka yi a kan ƙasar da haƙar ma'adinai ta lalata.

Yaro, abin da zan faɗa maka a matsayina na wanda ya yi kasuwanci a garin nan shi ne, Jos ta taɓa zama garin ciniki na gaske. Babbar kasuwar Taminus da ka wuce ka ga kangonta, a da mutane daga jihohi suke zuwa kallonta kawai. Ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Ina da rumfa a ciki. Tun daga ranar kasuwancin garin nan bai koma yadda yake ba, 'yan kasuwa suka watsu a bakin titi, wasu suka bar garin ɗungurungum.

Abu_Sudais:
Ina ta jira in ga wanda zai taɓo ainihin maganar, kowa yana ta kewaye-kewaye da kabeji da sanyi. Wace natsuwa ake nufi? Rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, duk mun manta? Garin da aka raba unguwanni, wannan ta Musulmi, waccan ta Kirista, mutum ya san layin da ba ya bi in gari ya ɗauki zafi? Ni a can na yi jami'a. Na kwana biyu a ɗaki ba fita saboda dokar hana yawo, garin kwaki da sukari muka dinga sha. Gara in yi gumi a Kano in yi barci da ido biyu rufe. Sannan ka tambayi Hausawan Jos ta Arewa wahalar takardar shaidar zama ɗan asalin wuri in yaranka sun tashi neman makaranta ko aiki.

Yar_Pankshin:
Ɗan'uwa Abu Sudais, ba zan ce ka yi ƙarya ba, abubuwan nan sun faru. Ni Kirista ce, 'yar Filato, kuma mu ma mun binne namu. Har yanzu ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ba su huta ba, kowa ya ji abin da ya faru a jajibirin Kirsimetin 2023. Ba wanda ya ci riba a wannan abu. Amma kada a sa wa mai tambaya a rai cewa kullum da wuƙa muke kwana. Mai ɗinkina Bahaushe ne, shekara goma sha biyu ina kai masa kaya. Mai naman da nake saye wurinsa in Sallah ta zo har gida yake aiko mini. A kasuwa da asibiti da makaranta a cakuɗe muke. Kano ɗin ma ai ta ga nata, hare-haren Janairun 2012 ba a manta ba. In ya zo da sana'arsa da mutuncinsa, zai samu masu kawo masa waya daga kowane ɓangare.

Admin_2:
Jama'a a yi hattara. An faɗi abin da ya faru, ya isa haka. Duk wanda ya juya maganar nan zuwa zagin addini ko ƙabila zan goge, in ya maimaita in fitar da shi. A koma kan tambayar bawan Allah.

Ɗan_Gangare:
Admin a yi haƙuri, kalma ɗaya. Abu Sudais da Anti 'Yar Pankshin duk sun faɗi gaskiya, kuma gaskiyar biyu tare muke rayuwa da su. Shekaru suna wucewa lafiya ƙalau, amma ba za ka ga Bajoshe ya kama haya ba tare da ya tambayi su waye a layin ba. Yaransa kuwa tunda 'yan Kano ne, takardarsu a Kano za su karɓa, wannan ba matsalarsa ba ce, tamu ce mu da aka haifi kakanninmu a nan.

Malama_Hauwa_Dutse:
Ni ban gane dalilin da ya sa sai Jos ba. In natsuwa kake nema, ga Dutse nan kusa da kai. Aiki ya kawo mu shekara shida da suka wuce. Tituna a buɗe, ba hayaniya, minti goma na kai yara makaranta na wuce wurin aikina. Da rana maigida yana dawowa ya ci abinci a gida ya koma, abin da ba mu taɓa yi ba a Kano. Sai dai zafi yana nan daram, ba zan yaudare ka ba. Kuma shirun wani lokaci yana yawa. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 har yau, ranar Juma'a da yamma ma'aikata da yawa Kano suke tafiya, sai Litinin su dawo. Asabar sai ka ji garin tsit kamar an yi shara. Shekarar farko har ciwon kai shirun yake sa ni, yanzu kuwa in na shiga Kano na wuni ɗaya sai na sha magani.

Na_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da ya ba ni mamaki, kowa yana maganar inda zai gudu ya tarar da itace, ba wanda ya ce zai shuka. Mu nan ruwanmu bai kai na Kano ba, amma ku zo ku ga gonakin jihar Maraɗi da na Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka bar sare tohon da ke fitowa daga kututture, suna gyara shi suna barin mai ƙarfi ya tashi, abin da muke ce ma sassaben zamani. Yau gawo ya cika gonaki inda a da sai rairayi. Ba gwamnati ta dasa ba, mutane ne. Ƙofar gidana dogon yaro biyu ne, mahaifina ya sa su. Da azahar duk layin nan ƙarƙashinsu ake taruwa. Malam mai gyaran waya, ƙofar gidanka itace nawa ne?

Mai_Gyaran_Waya:
Na Maraɗi ka kama ni. Babu ko ɗaya. Amma gidan haya ne. Akwai wata darbejiya da na tarar, mai gidan ya sare ta ya fitar da shago biyu a wurin.

Baba_Na_Mandawari:
To ka ji ciwon Kano ke nan, a jimla ɗaya. Ku yaran yanzu kun ɗauka haka garin yake tun asali. Muna yara, in ka fita ƙofar gari sarari ne da gonaki da kukoki. Cikin birni kowace unguwa da kududdufinta, ruwan sama yana da wurin zuwa. Rimi, tsamiya, durumi, ceɗiya, har unguwanni da sunan bishiya ake kiransu, Rimin Kira, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Yau je ka nemo bishiyoyin. An cike kududdufai an yi gini, an ci badala an yi shaguna, duk filin da aka bari don iska an yanka shi. Sai ruwa ya sauko ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, a ce ƙaddara. Ka shiga tsohuwar jami'ar Bayero ko Nasarawa ta wajen gidajen Turawan da da tsakar rana, za ka ji iskar daban, alhali rana ɗaya ce take dukanmu. Ni ba na ganin laifin yaron nan. Amma ni kam a nan za a binne ni, na tsufa da koyon sanyi.

Kwari_Boy:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni babban abin da nake ji masa ma shi ne Hausar yaransa. Shekara biyu za su dawo suna ce wa mace "ya zo", suna ce wa Hajiya "Mama ya ce a gaishe ka".

Ɗan_Gangare:
Kwari Boy ka kiyaye mu fa. Ku da kuke cewa "sai da na faɗa mishi" kuna haɗiye rabin kalma? Hausarmu ta haɗa kowa, Birom da Angas da Ibo duk da ita suke ciniki. Kuma ka zo ka ci gwaten acha da safe ka ga ko za ka sake tuna gurasa.

Kwari_Boy:
Gurasa bandashe za ka haɗa da fate? Admin, ga wanda ya kamata ka fitar.

Ummu_Walid:
Kun mayar da abin wasa. Malam, tambaya biyu nake da ita kuma ban ga ka taɓo su ba. Ka yi shawara da matarka? Kuma mahaifanka suna raye? Don kai za ka fita shago ka yi abokai cikin sati biyu. Ita za a bari a ɗaki da yara a garin da ba ta san kowa ba. Ka sake karanta abin da Maman Khairat ta rubuta, ita fa aure ne ya kai ta, duk da haka ta yi kuka.

Mai_Gyaran_Waya:
Hajiya Ummu Walid, na yi mata maganar sau ɗaya. Ta yi dariya ta ce in je in dawo lafiya, za ta riƙe mini yaran. Mahaifina ya rasu, Hajiyarmu tana nan a Gwale, kuma ni ne babba. Duk Juma'a a wurinta nake cin tuwon dare. Gaskiya ko a raina ban iya tsara yadda zan buɗe baki in faɗa mata ba.

Ummu_Walid:
Allah ya ji ƙan Baba. To ai ka ga amsarka tana Gwale, ba a wannan zauren ba.

Sabo_Screen:
Bari in yi magana a matsayin abokin sana'a. Ni ma a Kano na koyi gyara, yanzu shekara huɗu ina Bauchi. Abin da za ka fara rasawa shi ne kayan gyara a kusa. A Farm Centre in aka kawo maka waya gilashinta ya fashe, ka tura yaro layi na gaba, minti biyar ya dawo da shi, in bai hau ba a canza maka. A nan in wayar ba irin ta kowa da kowa ba ce, sai na yi waya Kano ko Ikeja, a ba direba, in jira kwana ɗaya ko biyu. In aka yi rashin sa'a ya zo da matsala, asara ta hau kaina, ga mai waya yana zarya. Sannan aikin injin waya mai wuya, wanda a can za ka leƙa wurin wani gwani ku haɗa kai, a nan kai kaɗai ne da na'urar hura zafi da addu'a.

Amma akwai daɗinsa. A can ku dubu ne, kowa yana karya farashin ɗan'uwansa. A nan in hannunka yana da kyau, cikin shekara ɗaya sunanka ya zagaya, ma'aikata da ɗalibai su dinga turo juna. Kuɗin da nake samu bai kai na da ba, amma hayar gida da ta shago da kuɗin mota duk sun ragu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma, ni a ƙafa nake zuwa shago. La'asar nake rufewa wani lokaci in je in ɗauko yara daga Islamiyya. Jos ta fi Bauchi ɗalibai da masu manyan wayoyi, ina jin za ka samu aiki. Shawarata kada ka saki teburinka na Kano. Ka bar yaronka a kai, ka je kai kaɗai ka gwada wata uku.

Sani_Agege:
Sabo ka taɓa mini zuciya da maganar ɗauko yara daga Islamiyya. Ɗazu ina ta dariya, amma gaskiya ni iyalina suna gida, sau biyu nake zuwa a shekara. Na gina gida a garinmu, na dasa mangwaro biyu da gwaiba a tsakar gidan, har sun fara 'ya'ya, a hoto nake ganinsu. Kullum cewa nake shekara biyu ta rage in tattara. Wani dattijo da muke salla tare a nan ya ce shi ma haka yake faɗa tun zamanin Shagari.

Abu_Sudais:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da Jos. In bishiya yake so da sauƙin hayaniya, ga Zariya. Ya je Samaru ya ga harabar jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962 ake renon bishiyoyin nan. Ga ɗalibai, ga waya a hannun kowa, kuma in Hajiya ta kira da safe kafin azahar yana Gwale. Jos kuwa sai ya ratsa dajin Falgore ya bi ta Saminaka, rabin wuni a mota.

Injiniya_B:
Zariya shawara ce mai kyau ta fuskar nisa, amma kada ya sa ran sanyin Jos. Ta ɗan fi Kano sauƙi, shi ke nan. In sanyi ne zalla, Gembu da ke kan tsaunin Mambila ta fi Jos ɗin ma, sai dai can kuma wa zai kawo maka waya?

Maman_Khairat:
Yaya, in da gaske kake, kada ka sake zuwa a lokacin daɗi. Ka zo a Agusta, ka zo da Anti da yaran, ku sauka a cikin unguwa ba Rayfield ba. Ta wanke kaya ta shanya da hannunta. In ta ce ta ji ta gani, to.

Mai_Gyaran_Waya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai, wasu har sau biyu. Maganar Sabo ta zauna mini, ta Hajiya Ummu Walid kuma ta hana ni sakat. Abin da na tsayar yanzu, in an yi hutun makaranta a Agusta zan kwashe su mu je mu yi sati biyu, in uwargida ta yarda. Zariya ma zan leƙa, tunda a hanya ɗaya ba za a rasa abokin sana'a da zan tambaya ba. Ɗan Gangare, zan neme ka ta akwatin sirri ka taimaka mini da masauki a cikin gari. Na Maraɗi kuma, jiya na tsaya wurin masu sayar da dashe na sayi darbejiya ɗaya, na kai gidan Hajiya, tunda can ba mai sarewa.

Na_Maraɗi:
Madalla. Ka kewaye ta da kara ko tsohon kwando, in ba haka ba awakin unguwa za su gama da ita kafin sati.

Ɗan_Gangare:
Ba damuwa, sai ka zo. Ku taho da rigunan sanyi da lema, kuma yaran a sa musu safa.

Kwari_Boy:
Rigunan sanyin ma a Kano zai saya, Ƙofar Wambai. In za ka dawo ka taho mini da buhun dankali, don na san dawowa za ka yi.

Yar_Pankshin:
Ka turo kuɗinka tukuna, Kwari Boy. Dankalin Bokkos ba kyauta ba ne.